Ɗana, Me Ke Sa a Kira Mutum Kirista?

Ɗana, zauna mu yi magana a kan wata tambaya da za ka yi ta karo da ita muddin kana cuɗanya da mutane: mene ne mutum zai gaskata kafin a ce da shi Kirista? Abokinka Musulmi zai yi maka ita a makaranta ko a wurin aiki, don yana so ya sani. Wani mai jakar littattafai zai ƙwanƙwasa maka ƙofa da safe ya ce shi ma Kirista ne, amma abin da aka koya maka tun kana yaro kuskure ne. Wani kuma a cikin majami'arku zai dube ka sama da ƙasa ya ce in ba ka taɓa magana da harsuna ba, da sauranka. In ba ka san inda maganar ta tsaya ba, kowa ya zo sai ya ja ka ta lungunsa. 'Yata, ke ma da ke nake. Duk inda na ce "ka", kina ciki.

Mu fara kawar da abin da ba shi ne ba. Suna ba ya yi. A ƙasar nan akwai su Musa da Ibrahim da Audu da Talatu da ba sa fashin sujada ranar Lahadi, akwai kuma su Bitrus da Bulus da rabonsu da ƙofar majami'a tun ranar ɗaurin aurensu. Ƙabila ma ba ta yi. Mutane sun saba ɗauka cewa Bahaushe ko Bafulatani dole Musulmi ne, Birom ko Bachama ko Ibo kuwa dole Kirista, sai ka ce abin a jini yake. Wanda ya san Wusasa ba ya faɗin haka. Mishan ɗin Angilikan da Dokta Walter Miller ya kafa a cikin birnin Zariya ya koma can a 1929, kuma daga wannan jama'a aka sami Dokta R.A.B. Dikko, likita na farko ɗan Arewa, da Farfesa Ishaya Audu, ɗan ƙasa na farko da ya shugabanci Jami'ar Ahmadu Bello. Da Hausa suka tashi, da Hausa suka yi addu'a, da ita kuma suka karanta Littafi Mai Tsarki, wanda aka buga shi cikakke a 1932. Haihuwa a gidan masu bi gata ce babba, kada ka raina ta. Amma bangaskiyar uba ba gona ba ce da za a raba wa 'ya'ya gado. Kowa sai ya karɓi tasa da kansa.

In kana so ka ga inda maganar ta tsaya, duba yadda masu tsananta wa Kiristocin farko suke gane su, don mai neman ranka ba ya ɓata lokaci a kan ƙananan abubuwa. Wajen shekara ta 112, wani gwamnan Romawa mai suna Filini, da ke riƙe da lardin Bitiniya a arewacin ƙasar da yau ake kira Turkiyya, ya rubuta wa Sarki Tarajan wasiƙa yana neman shawara. Ana ta kawo masa mutane ana cewa Kiristoci ne, har wani ya jefo takarda marar sa hannu cike da sunaye. Ya rasa yadda zai tantance, sai ya fito da dabara. Ya sa aka kawo siffar sarki da gumakan alloli aka jera a gabansa. Duk wanda aka shigo da shi ya musanta cewa shi Kirista ne, sai a ce masa ya kira sunayen allolin, ya ƙona turare, ya zuba ruwan inabi gaban siffar, sannan ya zagi Kiristi. Wanda ya yi, a sake shi ya tafi gida. Gwamnan ya ce an shaida masa cewa Kirista na ainihi ba a iya tilasta masa ko ɗaya daga cikin waɗannan. Waɗansu sun yi, suna cewa da can sun bi amma sun bari, wani shekara uku, wani har ashirin. Waɗansu kuwa aka tambaye su har sau uku ana yi musu barazanar kisa, ba su sauya baki ba, aka tafi da su. Daga bakin waɗanda suka bari ɗin ne gwamna ya ji abin da ake yi a taron masu bi: suna haɗuwa a wata rana da suka keɓe, tun gari bai waye ba, su rera wa Kiristi waƙa irin wadda ake rera wa Allah, sannan su ɗaura wa kansu alkawari cewa ba za su yi sata ko fashi ko zina ba, ba za su saɓa magana ba, ba kuma za su hana ajiya ba in mai ita ya zo nema.

Lura da abin da wannan baƙon, wanda ba ruwansa da bangaskiyarmu, ya gano. Bai tambayi kowa ɗarikarsa ba, bai tambayi irin tufafinsa ko abin da yake ci ba. Abu biyu ne suka fito fili a gabansa: wanda mutanen nan suke yi wa sujada, da yadda suke riƙon amana. Har gobe a kan waɗannan biyun maganar take.

Ga kuma inda kai ɗan Arewa za ka fi bukatar natsuwa. Girmama Yesu kaɗai ba ya sa a kira mutum Kirista. Maƙwabcinka Musulmi ya gaskata Annabi Isa. Ya yarda budurwa Maryamu ce ta haife shi ba tare da namiji ba, ya yarda ya warkar da makaho da kuturu ya kuma ta da matattu da izinin Allah, yana jiran dawowarsa, ba ya ma ambaton sunansa sai ya haɗa da addu'a. Duk da haka in ka ce masa Kirista, zai ce ka yi masa ƙage, kuma da gaskiyarsa. Tarihinmu na gida ya nuna haka. A ƙarni na 19 an yi wani malami a Kano, Malam Ibrahim, wanda zurfin nazarinsa a kan abin da Alƙur'ani ya faɗa game da Annabi Isa ya kai shi ga ɗaukaka shi fiye da yadda hukuma da sauran malamai za su lamunta. Aka kashe shi a kan haka, almajiransa suka watse wajen Ningi da ƙauyukan ƙasar Zazzau, ana ce musu Isawa. Sun yi shekaru da yawa suna ƙaunar Isa ba tare da Linjila a hannunsu ba. Sai wajen 1913 waɗansu daga zuriyarsu suka sadu da Miller, aka karanta musu labarin gicciye da tashi daga matattu. Waɗanda suka karɓa aka yi musu baftisma, waɗanda ba su karɓa ba suka zauna a kan tasu. Ƙaunar Isa duk suna da ita. Abin da ya raba su shi ne amsar da kowa ya bayar a kan ko shi wane ne, da abin da ya faru da shi a Urushalima.

To, ga abin da Kirista yake gaskatawa, kuma ba shi da yawa. Allah ɗaya ne, shi ya halicci sama da ƙasa da duk abin da ke cikinsu. Ka riƙe wannan da kyau, don za a ce maka kuna bauta wa alloli uku. Duk wanda ya ce alloli uku ne ya fita daga Kiristanci, daidai da wanda ya ce babu Allah. Abin da ekklesiya ta riƙe shi ne Allah ɗayan nan ya bayyana kansa Uba da Ɗa da Ruhu Mai Tsarki, uku cikin ɗaya, tun fil'azal. Maryamu ba ta cikin ukun. 'Yan Katolika ma, da suka fi kowa girmama ta, ba su taɓa cewa Allah ce ba. In kuma ka ce Yesu Ɗan Allah ne, yi wa mai tambaya adalci ka bayyana masa cewa ba ana nufin Allah ya yi aure ya haihu ba ne. Wannan saɓo ne a kunnen Kirista kamar yadda yake saɓo a kunnen Musulmi. Ana nufin Yesu Kalmar Allah ne madawwami, ba halittacce ba, wanda ya ɗauki jiki ya zama mutum na sosai, ya ji yunwa, ya gaji da tafiya, ya yi kuka a bakin kabarin abokinsa. Allah ne cikakke, mutum ne cikakke. Na san hankali ba ya iya ƙure wannan magana, kuma ba na so ka yi ta ƙirƙiro misalan ƙwai da ruwa da rana don ka burge mutane. Kusan duk irin waɗannan misalai, in aka bi su da kyau, ɓata koyarwar suke yi. Faɗi abin da aka gaskata, ka tsaya nan.

Sai gicciye. Kirista ya gaskata an gicciye Yesu a zamanin gwamna Bilatus, ya mutu mutuwa ta gaske, aka binne shi. Ko Tasitus, marubucin tarihin Romawa da ba ya ko son jin sunan Kiristoci, ya rubuta cewa Bilatus ne ya yanke masa hukuncin kisa a zamanin Sarki Tibariyas. Tun ƙarnin farko an sami masu cewa ai kamanni ne kawai, jikin ba na gaske ba ne, wahalar ma ba ta gaske ba ce, ekklesiya kuwa ta ƙi su ƙememe. Dalili shi ne mutuwar nan domin zunubanmu ce. In ba ta faru ba, bashin yana nan. A rana ta uku kuma ya tashi da jikinsa. Manzo Bulus, da yake rubuta wa masu bi na Koranti shekara ashirin da 'yan kai bayan abin ya faru, bai yi wata kwana-kwana ba: ya ce musu in Almasihu bai tashi ba, wa'azin manzanni banza ne, bangaskiyarsu ma banza ce, su manzannin kuma shaidun zur ne. Don haka in ka gamu da mai cewa tashin nan misali ne kawai na yadda koyarwar Yesu ta ci gaba da rayuwa a zukatan almajiransa, ko da rigar limanci a jikinsa da digiri uku, ka sani ya saki abin da manzanni suka ba da ransu a kai.

Ragowar a taƙaice: ceto kyauta ce ta alherin Allah, ana karɓarta ta wurin tuba da bangaskiya, ba a sayenta da baiko ko da azumi. Ruhu Mai Tsarki yana zaune cikin masu bi. Littafi Mai Tsarki Maganar Allah ce. Yesu zai dawo ya yi wa rayayyu da matattu shari'a, akwai tashin matattu, akwai rai madawwami. Yawancin abin da na lissafa maka yana cikin Shaidar Bangaskiya ta Manzanni da kake miƙewa kana faɗa a sujada, wataƙila hankalinka na wajen abincin rana. Ba ta cin minti biyu.

Kada ka ɗauka an zauna ne wata rana aka ƙaga waɗannan abubuwa. Gardama ce ta tilasta aka rubuta su dalla-dalla. A farkon ƙarni na 4 wani limami a birnin Iskandariya ta Masar, Ariyus, mai iya magana da farin jini, ya fara koyar da cewa Ɗan shi ne mafi girman halittu, amma dai halitta ne, akwai lokacin da babu shi. Rigima ta bazu har Sarki Kwanstantin ya tara bishof-bishof wajen ɗari uku a garin Nikiya a shekara ta 325. Cikin mahalarta akwai waɗanda har lokacin tabon azabar da aka gana musu a zamanin tsanani yana jikinsu. Suka yanke cewa Ɗan haifaffe ne ba halittacce ba, zatinsa ɗaya da Uban. Biyu ne kawai suka ƙi sa hannu. Wani zai ce maka ai a Nikiya ne aka mai da Yesu Allah. Ka tuna masa wasiƙar Filini, wadda ta girmi taron da fiye da shekara ɗari biyu. Kuma rigimar ba ta mutu nan take ba. Atanasiyus, bishof na Iskandariya, sau biyar ana korarsa daga kujerarsa saboda ya ƙi sassautawa, sai a taron Kwanstantinoful na 381 aka ƙarasa shaidar Nikiya da ake karantawa yau. Hujjar Atanasiyus kuwa ba ta malamai kaɗai ba ce, kai ma za ka gane ta: halitta ba ta iya ceton halitta, kuma in Yesu halitta ne, to sujadar da ake yi masa bautar gumaka ce.

Da wannan ma'auni ne yawancin ekklesiyoyi suke duban masu ƙwanƙwasa ƙofa. Shaidun Jehobah, waɗanda suka samo asali daga ƙungiyar Charles Russell a Amurka a shekarun 1870 suka kuma ɗauki wannan suna a 1931, suna koyar da cewa Yesu halitta ne na farko, shi ne ma mala'ika Mika'ilu, Ruhu Mai Tsarki kuwa iko ne kawai. Koyarwar Ariyus ce ta dawo. 'Yan Mormon, da Joseph Smith ya kafa a 1830, sun ƙara waɗansu littattafai a kan Littafi Mai Tsarki, suna kuma ɗaukar Uba da Ɗa da Ruhu a matsayin uku rarrabe. A 2001 fadar Fafaroma ta ce ba ta amince da baftismarsu ba. Su dai suna kiran kansu Kiristoci, kuma gaskiya ka faɗi haka in ana maganarsu. Ni a ganina koyarwarsu ta fita daga abin da manzanni suka bari. Amma faɗin haka bai ba ka izinin zaginsu ko sakar musu kare ba. Ba su kujera, ba su ruwa, ka ji ta bakinsu su ji ta naka.

Yanzu bari in juya ta ɗaya gefen, don a nan ne na fi ganin matasanmu suna tuntuɓe. Da mutum ya kama karatun Littafi da zafi, sai ya fara faɗaɗa jerin sharuɗɗa har ya kasance daga shi sai 'yan ƙungiyarsa ne za su ga Mulkin Sama. Wajen baftisma, ekklesiyar ECWA tana nitsar da wanda ya mallaki hankalinsa a ruwa. EYN tana nitsarwa sau uku, da fuska gaba, tana kuma wankin ƙafa kafin Jibin Ubangiji. Angilikan da Katolika da 'yan Lutheran na Numan suna yi wa jarirai baftisma. Sojojin Ceto ba sa yin baftismar ruwa sam. Littafin Furotesta littattafai 66 ne a cikinsa, na Katolika 73, na Habasha 81. Mu muna Kirsimeti ranar 25 ga Disamba, Kibɗawan Masar da Habashawa sai 7 ga Janairu. Wani yana sujada da ganga da rawa, wani tsit kamar ba kowa. Ban ce waɗannan ba su da muhimmanci ba. Ina da ra'ayina a kan kowannensu, ina kuma iya kare shi. Amma ba su ne ke shigar da mutum ko fitar da shi ba.

Ka san abin da ya faru da aka mai da su sharaɗi? A 1527, a birnin Zurik na ƙasar Suwizalan, hukumar gari ta Furotesta ta ɗaure wani saurayi mai suna Felix Manz ta jefa shi cikin kogi ya nitse, laifinsa shi ne yana sake yi wa manya baftisma. Da masu jefawa da wanda aka jefa, Shaidar Bangaskiya ɗaya suke faɗa. Daga 1618 zuwa 1648 Katolika da Furotesta suka yi ta yaƙi a tsakiyar Turai har garuruwa suka zama kufai. Tun kafin nan, a taron Kalsidon na 451, saɓani a kan yadda za a bayyana haɗuwar Allahntaka da mutuntaka cikin Almasihu ya raba ekklesiyoyin Masar da Habasha da Armeniya da Suriya daga sauran, aka yi ta jifan juna da kalmar bidi'a. Sai a 1973 Fafaroma Bulus na Shida da Shenuda na Uku, shugaban Kibɗawa, suka zauna suka sa hannu cewa bangaskiyarsu a kan Almasihu ɗaya ce. Shekara dubu da ɗari biyar ana gaba kafin a gane haka! A 1999 kuma Katolika da Lutheran suka sa hannu a Augsburg a kan cewa ta wurin alheri ne ake samun ceto, maganar da ta raba su tun zamanin Martin Luther a 1517. In manyan malamai sun iya yin irin wannan dogon kuskure a kan 'yan'uwansu, kai da ka fara karatu shekaranjiya ka ja bakinka.

Akwai wata ƙaya da ta daɗe tana sukar ekklesiyoyinmu na Arewa, wato mutumin da bishara ta same shi da mata biyu ko uku. Taron bishof-bishof na Angilikan a Lambeth ya yanke a 1888 cewa ba za a yi wa irin wannan baftisma ba, sauran mishan-mishan ma galibi haka suka bi. Dattawa da yawa a ƙauyukan Maguzawa da na Filato sun mutu suna zama a bencin baya, sun gaskata da zuciya ɗaya amma ba su taɓa cin Jibi ba, don sun ƙi korar uwar 'ya'yansu. Sai a 1988 Lambeth ta sassauta, da sharaɗin kada ya ƙara wata. Ekklesiya tana da ikon tsara horonta, ban musa ba. Amma rajistar majami'a daban, amsar tambayarmu daban.

Ilimi ma kada ka mai da shi sharaɗi. Na taɓa zama cikin dattawa muna tambayar 'yan ajin baftisma a wata ƙaramar majami'ar ƙauye mai rufin kwano da bencin ƙasa. Aka shigo da wata tsohuwa Bamagujiya, ba ta san ko bihim ba. Mai bishara, yaro ne sabon fitowa daga makarantar Littafi, ya ce ta jero littattafan Sabon Alkawari. Ta kai Luka ta tsaya. Ya ce ta faɗi Dokoki Goma, ta kawo huɗu a birkice. Ya rufe littafinsa ya ce sai baɗi. Wani tsohon dattijo da ke gefe ya gyara zama ya ce, "Iya, wa ya mutu dominki?" Ta ce, "Yesu, Ɗan Allah." Ya ce, "Yana ina yanzu?" Ta dube shi kamar ya yi tambayar yara, ta ce, "Baba, ai ya tashi. Da wa kake tsammani nake magana da dare?" Sannan ta kwance bakin zanenta ta fito da wani ƙulli na tsumma ta ajiye a kan tebur: layu ne da guraye da wani ɗan ƙaho da ta gada wajen uwarta. Ta ce tun da ta ba da gaskiya ba ta ƙara kwana da tsoro ba, a ƙone su. Ranar Lahadi aka kai ta rafi tare da sauran. Ɓarawon nan da aka gicciye kusa da Yesu ma bai shiga ajin baftisma ba, bai ga ruwa ba, amma an yi masa alkawarin Firdausi a ranar.

Abin da tsohuwar nan take da shi, wanda mai haddace shaidar bangaskiya yana iya rasawa, shi ne dogara. Manzo Yakubu ya yi gargaɗi cewa aljanu ma sun san Allah ɗaya ne, har suna rawar jiki. Sanin magana daban, jingina rai a kanta daban. Kuma inda dogara take, hali yakan nuna. Ruwanda tana cikin ƙasashen Afirka da suka fi yawan masu baftisma, amma a 1994 an yi wa dubban mutane yankan rago a cikin majami'u irin na Nyamata da Ntarama, inda suka gudu neman mafaka, masu adduna kuwa da yawansu a majami'un nan suke sujada. Ba sai mun je nesa ba. A rikice-rikicen garuruwanmu an sha tare hanya ana sa matafiyi ya karanta addu'a don a gane nasu ne ko ba nasu ba. Saurayin da ya tsaya a irin wannan shinge da gora a hannu da gicciye a wuya, wai yana kare addini, ya tambayi kansa wane Yesu yake bi. Haka wanda yake kwaya ranar Lahadi, ranar Litinin yana ɗakin boka. Haka mai cin kuɗin marayu yana ba da zakka daga ciki. Haka wanda ya shigo don an ce masa in ya shuka iri zai sayi mota. Kowa ya ci ladan kuturu sai ya yi masa aski. Ayyuka ba sa sayen ceto, amma wanda shekaru suka wuce ba a ga komai ya sauya a harshensa da mudunsa da zamansa da iyalinsa ba, yana da dalilin jin tsoro.

Sai dai ka rarrabe abu biyu da mutane suke cakuɗawa. Koyarwa kana iya auna ta, wajibi ne ma ka auna. In wani ya ce Yesu halitta ne, ko bai mutu ba, ko bai tashi ba, ko ya ce shugaban ƙungiyarsu shi ne Allah a cikin jiki, kana iya cewa kai tsaye wannan ba Kiristanci ba ne, ba kuwa rashin kunya ka yi ba. Zuciyar mutum kuwa ba a ba ka mabuɗinta ba. A Afirka ta Arewa, bayan babban tsanani na farkon ƙarni na 4, mabiyan Donatus sun ce duk limamin da ya miƙa littattafai masu tsarki ga hukuma don ya tsira da ransa ya fita ke nan, baftismar da ya yi wa mutane ma ba ta yi ba. Suka ware suka kafa tasu ekklesiya ta tsarkaka zalla. Agustin, bishof na Hippo a ƙasar da yau take Aljeriya, ya yi shekaru yana amsa musu da misalin da Yesu ya bayar na alkama da ciyawa a gona ɗaya, inda maigona ya hana bayinsa tumɓuke ciyawar kafin kaka don kada su haɗa da alkamar. Bitrus ya yi musun Ubangijinsa sau uku a dare ɗaya, aka kuma damƙa masa kiwon tumaki. Toma ya ce sai ya gani da idonsa, ba a kore shi daga cikin manzanni ba. Saboda haka in shakka ta taso maka a jami'a, ko addu'a ta yi maka nauyi bayan wata rasuwa, kada ka yanke wa kanka hukunci cewa ka fita. Nemi wani dattijo ko fasto mai haƙuri ka faɗa masa abin da ke damunka, ka ci gaba da zuwa sujada ko da a bencin baya ne. In kuma ɗan'uwanka ne ya faɗi aka sa shi ƙarƙashin horo, je gidansa ka gaishe shi cikin makon nan, kada ka jira sai dattawa sun ɗage horon.